Ranar da Sitiyarin Gimbiya Ya Ƙage

Ranar da Malte Jeppsson ya fara taka tafkinmu da ya daskare, da takalmin zuwa ofis ya zo. Ni Gunvor ina leƙensa ta tagar ɗakin kofi, na ce a raina wannan ko dai bai san inda ya zo ba, ko kuma yana da wasu yatsun ƙafa a ajiye a gida.

Watan Janairu ne, sanyi ya kai digiri ashirin da takwas ƙasa da sifili. Ya sauka daga bas ɗin garin Arjeplog da jakarsa, ya gangaro ya tsaya a bakin hanyar da yayana Sixten ya share a kan ƙanƙara, yana ta kalle-kalle. Bai ankara ba jar motar tseren nan da muke kira Gimbiya ta ɓullo daga kwana a karkace, ta watsa masa dusar ƙanƙara tun daga gashin kai har takalmin nan nasa.

Motar ta tsaya. Tuva, 'yar Sixten ɗaya tilo, ta fito ta cire hular kwano tana ƙoƙarin ɓoye dariya.

"Sannu. Amma fa inda ka tsaya ba a tsayawa."

Ya share fuska, ya buɗe ido, sai ya manta abin da zai ce. Ita ma dariyar ta tsaya mata a wuya. Na dafa kofi shekara goma sha tara a bakin tafkin nan, na san irin wannan kallon in na gan shi.

"Ni ne sabon makanike," ya ce da ƙyar.

"Na gani. Daga ina?"

"Daga Skåne, can kudu."

"Ai takalmin ya faɗa tun kafin ka buɗe baki."

Ya ɗaga ƙafa zai matso ya gaisa da ita, santsi ya kwashe shi, sai ga shi zaune daɓas a gabanta. Ta miƙa masa hannu ta ɗago shi. Ba ta saki hannun da wuri ba, ni shaida ce.

Sana'ar gidanmu ita ce koya wa mutane tuƙi a kan ƙanƙara. Sixten ke share hanya da tarakta, Tuva ke koyarwa, ni kuma cikinsu ne aikina. Motoci shida ne a garejin, amma Gimbiya ce 'yar lele. Tsohuwa ce, ga ƙarfi ga gudu, sai dai tsirfa. Ba ta shan kowane mai, ba ta tashi sai an lallaɓa ta, shi ya sa sunan ya bi ta.

Cikin mako biyu Malte ya san halinta fiye da mu. Kunne yake karawa a jikin bonet yana sauraron injin, har ya riƙa yi mata magana.

"Hira kuke yi?" Tuva ta tambaye shi wata safiya.

"Ƙorafi take yi. Ta ce direbarta ba ta da tausayi."

"Ka ce mata direbar ta ce makaniken ya cika shisshigi."

"Zan faɗa mata, Direbata."

"Direbar wa?"

Kunnuwansa suka yi ja, ya sunkuya yana neman sifanar da take hannunsa.

Tun daga ranar sunan ya zauna. Shi yana ce mata Direbata, ita tana ce masa Ɗan Kudu. Da azahar in baƙi sun shigo cin abinci, sai ta ɗauke shi a mota ta fita da shi kan tafki wai tana koya masa tuƙi. Koyon bai yi nisa ba. Sau goma sha ɗaya Sixten ya jawo su da tarakta daga cikin tudun dusa, yana ƙirgawa kuwa.

Ranar da na dafa palt, curin dankali mai nama a ciki, Malte ya ci guda biyar da man shanu da lingon, jajayen 'ya'yan itacen dajinmu, ya ce bai taɓa cin abu mai daɗinsa ba. Mun gargaɗe shi bai ji ba. Bayan rabin awa aka same shi yana minshari a kan tulin tayoyi. Tuva ta ɗauki hotonsa ta tura masa da yamma, ta rubuta:

"Ɗan Kudu, ga ma'aikacin da Baba yake biya albashi. In ka sake cin biyar sai na saka hoton nan a bangon Gwaggo."

Ya mayar mata:

"Direbata, ki saka. Dama mafarkinki nake yi, ba na jin kunyar a sani."

Ta kawo min wayar har kicin ta nuna min, fuskarta kamar an kunna fitila. Na ce mata ta yi a hankali, ba don yaron ba, don ubanta.

Mazan garinmu magana tsada take yi musu, amma Sixten ya fi kowa rowarta. Tun rasuwar matarsa abin ya ƙaru. Sai da ya yi wata guda yana kallonsu kafin ya ce uffan, ranar kuwa a gabana ya faɗa, muna shan kofin ƙarfe goma.

"Tuva, yaron nan ba zai wuce Afrilu ba."

"Baba, wa ya ce maka?"

"Shekara arba'in ina ganinsu. Da sanyi suke zuwa, ƙanƙara na fara laushi su haɗa kaya. Su bar 'ya'yan mutane a tashar bas suna kuka."

"Malte ba haka yake ba."

"Duk haka ake cewa. Ban yarda ba, kuma ba zan yarda ba."

Ba wai dole sai da izininsa za ta yi aure ba, yarinya ce mai shekara ashirin da shida. Amma Tuva ba za ta iya zama da mijin da ubanta ba ya gaisawa da shi ba, a ƙauyen da gidaje talatin ne kacal. Ta san haka, Malte ma ya sani. Ko dai tsohon ya karɓe shi, ko kuma soyayyar ta narke tare da tafkin.

Sixten yana da nasa ɗan takarar. Hampus Lestander, ɗan maƙwabcinmu, wanda yake taya Tuva koyarwa. Tun suna firamare yake binta. Kyakkyawa ne, ba zan yi masa ƙarya ba, sai dai in ya fara ba da labarin kansa kofi sai ya huce sau biyu. Duk Lahadi zai kawo wa Sixten busasshen naman barewa, su zauna, shi yana zuba tsohon yana gyaɗa kai.

"Makanike," Hampus ya kan ce, "ka sa safa biyu yau? Kada mu tura wa mamanka yatsunka a ambulan."

Malte sai ya yi murmushi ya ci gaba da aikinsa. Wannan haƙurin nasa har haushi yake ba ni.

Wata Asabar suka hau tudun bayan coci su biyu, rana na leƙowa ja a kan bishiyoyi. Tuva ce ta ba ni labari daga baya.

"In na ce zan zauna, za ki yarda?" ya tambaye ta.

"Ni na yarda tuni. Baba ne."

"To me zan yi masa?"

"Babu. Baba ba ya jin magana, aiki yake gani."

"Ina sonki, Tuva. Ban iya faɗinsa da kyau ba, leɓena ya daskare."

"Ka faɗa daidai. Ni ma ina sonka, Ɗan Kudu, har abin yana ba ni tsoro."

Sai ga ranar Talatar nan ta tsakiyar Fabrairu. Sanyi ya kai talatin da shida ƙasa da sifili, irin wanda gashin hanci ke daskarewa. Muna da baƙi goma sha biyu daga Jamus, sun zo koyon kwana uku. Da sassafe Malte ya tafi tasha karɓo sababbin tayoyi masu ƙusa, ya bar motocin a jone da wuta suna ɗumi. Ko da ya dawo har an fitar da Gimbiya.

Tsarin aikin shi ne Tuva ta fara zagayawa da kowane ɗalibi don ya ga yadda ake yi, sannan ta ba shi sitiyari. Wanda ya fara shiga wani tsohon likitan haƙori ne mai tumbi, yana ta murna kamar yaro.

Zagaye na farko lafiya, sai dai ta ce ta ji wani ɗan kuka daga gaba, ta ɗauka sanyi ne. A na biyu suka shiga doguwar kwana da gudun kilomita ɗari da goma. Ta karkata motar yadda ta saba, bayanta ya zame gefe, ta kai hannu za ta juya sitiyari ta tare shi. Sitiyari ya ce bai san zancen ba. Ya ƙage tamkar an zuba masa siminti.

Wanda bai taɓa tuƙi a kan ƙanƙara ba zai ce ai sai ta taka birki. Birki a nan wurin shi ne hanya mafi sauri ta kifewa. Tuva ta sa hannu biyu da kafaɗa ta murɗa iya ƙarfinta, ta sassauta totur kaɗan kaɗan, ta bar motar ta juya da kanta. Gimbiya ta yi juyi uku, ta shige tudun dusa da baya, ta nutse har tagogi.

Muna ɗakin kofi muka ji muryarta a oba-oba.

"Lafiya muke. Sitiyari ya mutu. A kawo tarakta."

Malte bai jira tarakta ba. Ya zura da gudu a kan tafkin, nisan ya fi rabin kilomita, ya faɗi sau uku yana tashi. Ya isa ya haƙe ƙofar da hannunsa ya jawo ta. Wuyan hannunta na dama ya gurɗe, ban da haka ko ƙwarzane babu. Likitan haƙori kuwa ya fito yana ƙyalƙyala dariya, yana tambaya ko za a sake.

Da aka jawo motar, kowa ya taru. Malte ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi. Tiyon man sitiyari ya fashe, man ya zube a kan dusa. Ya daɗe yana kallon wurin, ya dangwala da yatsa ya murza. Na ga fuskarsa ta canza, amma a lokacin ban san dalili ba.

Hampus ya ɗaga murya yadda baƙi za su ji.

"Wannan tiyon ba shi ne aka canza makon jiya ba? Wa ya ɗaura shi?"

"Ni ne," Malte ya ce.

Sixten ya dube shi, ya dubi hannun 'yarsa da ya fara kumbura. Ban taɓa ganin yayana cikin irin wannan fushin ba.

"Ka kusa kashe min 'ya. Akwai bas ranar Juma'a."

"Baba," Tuva ta ce.

"Juma'a."

Malte ya sa ƙafa ya tura dusa ya rufe man da ya zube.

Hampus ne ya kai Tuva asibiti, ya dawo da ita, ya riƙe mata ƙofa, ya riƙe mata jaka, saura kaɗan ya riƙe mata numfashi. Malte yana kallo daga bakin gareji. Da yamma ta same shi a can, hannunta a naɗe.

"Ka dube ni. Ka ɗaure tiyon nan da kyau ko ba ka ɗaure ba?"

"Motar a hannuna take. Duk abin da ya same ta, ni ne."

"Ba wannan na tambaye ka ba."

"Ita ce amsar da nake da ita."

"Ka san abin da wannan yake nufi? Baba ya samu abin da yake nema. Ka ba ni kalma ɗaya da zan kai masa, ɗaya tak."

Ya ci gaba da goge hannu da tsumma. Ta juya ta fita tana kuka, haushinsa da sonsa duk sun cakuɗe mata. Can anjima ta tura masa:

"Ba hannuna ne yake min ciwo ba. Shirunka ne. In ganganci ka yi ka faɗa, zan yafe. In ba ka damu ba ne, shi ma ka faɗa."

Ya amsa:

"Na damu fiye da yadda zan iya rubutawa. Ki sa ƙanƙara a hannun, ki ɗaga shi sama in za ki kwanta. Ki yafe min, Direbata."

Ta jefar da wayar a kan kujerata ta ce ita ta gama da mutanen kudu. Na ce mata to, na zuba mata kofi.

Ranar Laraba Malte ya wuni a gareji. Ya zuƙe man sitiyarin duk motocin shida ya zuba sabo, alhali ba wanda ya sa shi. Ranar Alhamis da hantsi ya shigo kicin ɗina da kwalabe biyu a hannu.

Kwalaben nawa ne. Duk kaka ina dafa ruwan lingon in ɗura, in sun ƙare Sixten ya kwashe kwalaben. Yayana bai taɓa jefar da abu ba tun da aka haife shi. Mai in ya saya a jarka, sai ya rarraba a kwalaben nan ya jera a kanta, ba takarda ba rubutu. In ka yi magana ya ce shi ya san kayansa. Duk tsofaffin garinmu haka suke, uban Hampus ma a gwangwanin kofi yake ajiye man birki.

"Gwaggo Gunvor, wata alfarma nake nema," Malte ya ce. "In na tafi, ki tabbata wannan kwalbar kullum tana da wannan a wuyanta."

Na duba. Ya naɗe wuyan ɗaya da igiya mai kaushi, ya yi mata ƙulli uku manya.

"Wannan ta Gimbiya ce. Ɗayar ta tarakta ce. Kada su sake zama a kanta ɗaya."

"Me ya hana ka rubuta a jiki?"

"Gara wadda hannu zai ji."

Na ɗaga kwalaben a hasken taga. Ta Gimbiya man cikinta kore ne, tsararo kamar ruwa. Ta tarakta kuwa ruwan zuma ne, mai kauri, da ƙyar yake motsi. Na tuna yadda ya tura dusa ya rufe man nan da ƙafa. Na tuna Sixten ya shigo shan kofi ranar Talata yana goge hannu, yana cewa ya ƙara wa Gimbiya mai tunda makanike ya tafi yawo.

"Malte, wane launi ne ya zube a kan tafki?"

Ya kau da kai.

"Da kai nake."

"Gwaggo, shekara arba'in sunansa ne a kan tafkin nan. A gaban baƙi goma sha biyu da Hampus zan ce ba ya gani? In ya san shi ya ji wa Tuva ciwo, ba zai sake ɗaga kai ba. Ni yaro ne, zan samu wani aikin."

"Wata Tuvar fa, za ka samu?"

Ya sunkuyar da kai, idanunsa suka kawo ruwa. Ya roƙe ni kada in faɗa. Na ce masa na ji. Ban ce na yarda ba.

Ni ba irin mazan gidanmu ba ce, bakina ba ya ajiya. Da azahar na aika aka kira min Sixten, na rufe ƙofar kicin, na kwance igiyar, na dire kwalaben biyu a gabansa.

"Yaya, wacce ce kore?"

"Wane irin wasa ne wannan?"

"Nuna min kawai."

Ya ɗauki ɗaya ya kai kusa da fuska. Ya ɗauki ɗayar. Ya juya su wajen taga. Daga ƙarshe ya nuna ta tarakta.

Wallahi sai da tausayinsa ya kama ni, amma ban sassauta ba.

"Tun yaushe idon yake haka?"

Ya ajiye kwalbar ya ce, "Tun bara. Kamar hazo."

"Man tarakta ka zuba wa Gimbiya. A sanyin talatin da shida ya daskare, famfo ya matsa, tiyo ya fashe. Yaron ya gani tun a kan tafki. Ya rufe da ƙafarsa don kada kowa ya gani, ka kore shi a gaban mutane, ya ce to."

Sixten ya zauna a kan kujera. Ya kai minti goma a haka, sannan ya tashi ya sa hularsa ya fita. Na ji tarakta ta tashi, ya tafi can ƙarshen tafki yana share hanyar da ya riga ya share da safe. Har duhu ya yi ina ganin fitilarsa tana kai da kawo.

Ban faɗa wa Tuva ba. Wannan maganar ta ubanta ce, na ba shi zuwa safiya. Na dai rantse in bas ya tashi da yaron nan, da kaina zan hau mumbarin coci ranar Lahadi.

Juma'a ƙarfe tara da rabi Malte yana tsaye a tasha da jakarsa. Tuva ta ce ba za ta je ba, ta kulle kanta a ofis. Ƙarfe tara da minti arba'in ta fito da gudu ta ce in kai ta, hannunta ba zai iya tuƙi ba. Muka isa daidai bas na tsayawa.

Ba mu kaɗai muka iso ba. Tarakta ta taho a tsakiyar titi tana tafiyar hawainiya, ta zo ta gindaya a gaban bas ɗin. Direban ya yi hon. Sixten ya sauko a hankali, ya je gaban Malte ya tsaya, ya cire hula a cikin sanyin nan.

"Tiyonka lafiya yake," ya ce. "Ni ne."

"Baba Sixten, ba sai ka..."

"Yi shiru, yaro, yau ni ke magana." Ya juya wajen 'yarsa. "Tuva, man tarakta na zuba. Idona ya yi yana, na ɓoye. Ni na ji miki ciwo. Shi ya sani, ya rufa min asiri, na saka masa da kora."

Tuva ta tsaya kamar an dasa ta. Ta dubi ubanta, ta dubi Malte, hawaye na daskarewa a kumatunta.

"Kai kuma da tafiya za ka yi ka bar ni ina zarginka?"

"Na rasa yadda zan yi ne, Direbata. Ko ta ina na juya sai na ɓata wa wani a cikinku."

"Wawa," ta ce, ta faɗa jikinsa da hannu ɗaya. "Wawan Ɗan Kudu."

Direban bas ya leƙo ya ce, "Sixten, mai tafiya ne ko ba mai tafiya ba?"

Sixten ya ɗauki jakar Malte ya jefa a cikin tarakta. Amsar ke nan.

Da muka koma, lokacin kofin ƙarfe goma ya yi, ma'aikata duk suna zaune har da Hampus. Sixten ya tsaya a tsakiyar ɗaki ya maimaita maganar nan kalma da kalma, bai rage komai ba. Ni na san abin da wannan ya ci masa. Hampus ya yi ja har wuya, amma ya tashi ya miƙa wa Malte hannu ya ce ya yi kuskure. Daga ranar na fara ganin girmansa.

Sixten ya zauna, ya jawo farantin biskit ya tura gaban Malte.

"Rufin gidan kakan Tuva yana yoyo," ya ce yana kallon kofinsa. "Aikin bazara ne. In mutum zai zauna a ciki da iyali, sai ya gyara."

Malte ya dube ni yana neman fassara.

"Ya ba ka ita," na ce. "Ci biskit."

Da yamma Tuva ta tura masa saƙo, alhali yana gareji tana ofis, bango ɗaya ne tsakaninsu:

"Ɗan Kudu, daga yau duk abin da ya dame ka ni za ka fara faɗa wa, kafin mota, kafin Gwaggo. Ka yi alkawari."

Ya rubuto:

"Na yi alkawari. Ga na farko: ban iya gyaran rufi ba. Ga na biyu: ki aure ni."

Ta zagaya ta ba shi amsa da bakinta.

A watan Maris aka yi wa Sixten aikin ido a garin Piteå, Malte ne ya kai shi ya dawo da shi. Ƙanƙara ta narke, ma'aikatan sanyi suka watse, shi kuwa yana kan rufi da guduma yana bugun yatsunsa. Mahaifiyarsa ta zo daga Skåne da akwati uku da maganin sauro, ta ga Tuva sau ɗaya ta ce ɗanta ya fi ta sa'a.

Aka ɗaura auren a ƙarshen Yuni, a cocin katako na ƙauyenmu, rana ta ƙi faɗuwa kamar ita ma an gayyace ta. Hampus ne ya tuƙa su a Gimbiya, a hankali kuwa, don na gargaɗe shi. Na dafa abin da zai ishi mutum ɗari, mutum saba'in suka cinye.

Da aka zo jawabin uban amarya, kowa ya gyara zama, don ba wanda ya taɓa jin Sixten ya haɗa jimla biyar a jere. Ya miƙe da sabon tabarau a fuskarsa. Ya daɗe yana kallon 'yarsa cikin farar riga.

"An gyara min ido," ya ce. "Ashe haka kike da kyau. Kamar mamanki."

Ya ɗora hannu a kafaɗar Malte.

"Wannan ɗana ne. Allah ya zaunar da ku lafiya, ya ba ku 'ya'ya masu jin magana fiye da ni."

Ya zauna ya cire tabarau yana gogewa, wai gilashin ne ke sa masa ruwan ido. Ba wanda ya ƙaryata shi, don duk ɗakin kowa na neman hankici.

Ni ma na sa musu tawa albarkar, ina kuma ƙara ta a nan. Allah ya ɗumama gidansu, ya sa su tsufa tare suna tsokanar juna, ya ba yayana tsawon rai ya ga jikokinsa da idonsa tangaran.